Bayan aikin rage tumbi: wai ƙwayoyin hanjina ne suka canza?

Maman_Hanif: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata bakwai ke nan da aka yi min aikin rage ƙiba a Indiya, irin wanda ake kira baifas. Na tafi da kilo 131, yau ina 98, alhamdulillahi. Ciwon sugan da na shekara tara ina fama da shi ya lafa tun kafin mu baro ƙasar, lokacin ko kilo biyar ban rage ba. Amma cikina ya koma wani iri. Kumburi, ƙugi, ga iska mai warin da ban taɓa sani ba, sallah ɗaya sai na sake alwala sau biyu. Masar da nake so kamar me, yanzu ko ƙanshinta ba na son ji. Da na tura wa likitan saƙo, abin da ya ce kawai shi ne ƙwayoyin da ke hanjina sun canza. To ga ƙanwata, kilonta 120 ga hawan jini, wata mata a kasuwar Terminus a nan Jos tana sayar mata da wani gari a leda, wai ƙwayoyi masu kyau ne a ciki, in ta sha ba sai an yanka ta ba. Tambayata biyu ce. Da gaske aikin yana canza ƙwayoyin nan? In kuwa su ne ke rage ƙibar, me zai hana ƙanwata ta sha su ta huta da wuƙa?

Ummu_Sumayya: Wa alaikumus salam. Sannu Maman Hanif, Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai na zauna sauraro, don yayata ma an ba ta shawarar aikin nan.

Ɗan_Dilimi: Hajiya, ni ban gane ba. Ƙwayoyin cuta a ciki kuma a ce masu kyau? Ai abin da ke ciki na ƙwayar cuta magani ake sha a kashe shi. An rage miki tumbi, kina cin kaɗan, kin rame. Ina ruwan ƙwayoyi?

Malamin_Lab: Ɗan Dilimi, sunan ne ya ruɗe mu. Mun saba cewa ƙwayoyin cuta, alhali mafi yawansu ba sa sa cuta. Mu ce bakteriya. Ƙiyasin da aka yi a 2016 ya nuna babban mutum yana ɗauke da kusan tiriliyan 38, nauyinsu kamar giram 200, kuma kusan dukkansu a babban hanji suke. Abin da tumbi da ƙaramin hanji suka kasa narkewa, irin dusar hatsi da zare-zaren ganye da ɓawon wake, su ne ke cinye shi, su fitar da wasu sinadarai da bangon hanji ke rayuwa a kai.

Tambayar farko ta Hajiya, amsarta e ce, kuma ba a jayayya a kai. Ku duba abin da aka yi mata. A baifas ana yanke ɗan saman tumbi kamar girman ƙwai, a jona shi da ƙaramin hanji can gaba, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Daga nan ruwan tsamin tumbi, wanda shi ne mai gadin ƙofa, ya ragu ƙwarai. Bakteriyar baki da da can tsamin ke kashe su, irin su Streptococcus da Veillonella, sai su samu hanya su gangara. Ruwan matsarmama ba ya haɗuwa da abinci sai can ƙasa. Abinci kuma yana isa ƙasa da sauri, bai gama narkewa ba. Kamar a karkatar da rafi ne, ciyawar da ke fitowa a bakinsa dole ta canza. Tun 2009 aka fara ganin haka a wani ɗan bincike a Arizona ta Amurka, mutum tara kacal, amma na baya sun yi ta tabbatarwa: dangin Escherichia coli suna ƙaruwa bayan baifas, haka ma wata mai suna Akkermansia a wurin mutane da yawa.

Ɗan_Dilimi: Malam na ji sun canza. Amma wanda ya rage cin abinci ma ai za su canza. Ta ina aka san ba ramar ce ta canza su ba?

Malamin_Lab: Tambaya mai kyau, kuma ita masu binciken suka yi wa kansu. A 2013 a Boston ta Amurka, Lee Kaplan da abokan aikinsa sun raba ɓeraye uku. Wasu aka yi musu baifas. Wasu aka buɗe ciki aka rufe ba a canza komai ba. Wasu kuma aka buɗe aka rufe, sannan aka rage musu abinci har nauyinsu ya yi daidai da na masu baifas. Irin canjin nan a wurin masu baifas aka same shi, cikin mako guda, ba a wurin waɗanda yunwa ta ramar ba. Sannan suka ɗebi bakteriyar masu baifas suka sa wa ɓerayen da aka raina ba ko ƙwaya ɗaya a cikinsu. Waɗannan ba a taɓa su da wuƙa ba, amma nauyinsu da kitsensu suka ragu.

A 2015 a Gotenbag ta Suwidin, ɗakin binciken Fredrik Bäckhed ya duba matan da suka yi kusan shekara tara da aiki. Canjin yana nan bai koma ba. Da aka sa wa ɓeraye bakteriyar masu baifas, kitsen da suka tara ya gaza na waɗanda aka sa wa ta mata masu ƙiba da ba a yi wa aiki ba, da kashi 43 cikin ɗari.

Ummu_Sumayya: Ikon Allah. To ai Malam ka ba matar Terminus gaskiya ke nan.

Kemis_Bukuru: A'a Anti, kada mu yi saurin nan. Ni ina sayar da irin magungunan nan masu rajista, kuma ba zan ce wa kowa za su maye masa aikin tiyata ba. Abin da ke cikinsu galibi Lactobacillus ne da Bifidobacterium, iri biyu ko uku ko goma, alhali hanji yana da ɗaruruwa. Yawanci in mutum ya daina sha, sai su bi bayan gida su fita. Wannan fa mai rajista ke nan da aka adana yadda ya kamata. Garin da ke leda a rana a kasuwa, babu suna babu lambar NAFDAC, wa ya san abin da ke ciki? Na sha ganin masu shan maganin rama na kasuwa suna zuwa da gudawa da jiri, saboda abin da aka zuba maganin wankin ciki ne ko mai sa fitsari. Mai hawan jini kuwa wannan haɗari ne gare ta. Maman Hanif, don Allah ki karɓe ledar nan daga hannunta.

Likita_Rayfield: Na goyi bayan Kemis, kuma zan ƙara kan maganar Malam. Ɓera ba mutum ba ne, balle ɓeran da aka raina cikinsa fayau. An gwada a mutane. A Amstadam ta Holan a 2012 an ɗebi bakteriyar sirara aka sa wa maza masu ƙiba da alamun suga. Bayan mako shida jikinsu ya fi jin insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini. Da aka maimaita da mutane da yawa, aka fitar a 2017, zuwa mako 18 amfanin ya gushe, nauyi kuma bai sauka ba. Akkermansia ɗin ma an ba mutane ita a Beljiyam tsawon wata uku, an fitar da sakamakon a 2019: insulin ya ɗan gyaru, amma ramar ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Ku kwatanta da kilo 33 na Hajiya.

Saukar sugan da ta gani da wuri, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kwanakin farko abin da take ci bai taka kara ya karya ba, kitsen hanta ya fara narkewa. Abinci yana faɗawa ƙarshen ƙaramin hanji da sauri, hanjin sai ya ninka fitar da wani sinadari mai suna GLP-1, wanda ke sa a ƙoshi da wuri, ya kuma zaburar da insulin. Shi ne alluran suga da rage ƙiba irin su Ozempic ke kwaikwayo. Ga sinadaran matsarmama da ke ƙaruwa a jini. Bakteriya suna cikin wannan aikin gayya, don su ne ke sarrafa ruwan matsarmamar, amma ni a ganina ba su ne sarkin noma ba.

Abu_Sadiq: Ni silib aka yi min a Masar shekara uku da suka wuce, wanda ake cire kusan kashi 80 na tumbi a bar shi kamar ayaba, ba a taɓa hanji. Ban yi fama da warin da Hajiya ke faɗa ba, ni ƙwannafi ne ya addabe ni, har yau ina shan omefirazol. Amma sauyin ɗanɗano na gan shi. Ni da nake shan lemon kwalba huɗu a rana a shago, yanzu kurɓa ɗaya sai in ji kamar zuma aka dama da sukari. Abin da zan gaya wa ƙanwar Hajiya shi ne aikin ba ƙarshen magana ba ne. Na sauka daga 140 zuwa 96, da na koma shayi mai madara da biskit dare da rana sai ga ni a 107. Ƙaramin tumbi ba ya hana abu mai ruwa wucewa.

Malamin_Lab: Alhaji Abu Sadiq, omefirazol ɗin ma kansa yana canza bakteriyar hanji, don tsamin tumbi yake ragewa. Haka metformin na masu suga, haka maganin kashe bakteriya da ake bayarwa lokacin tiyata. Shi ya sa binciken mutane ke da wuyar warwarewa, komai yana canzawa lokaci guda. Ba cewa na yi ka daina ba fa, wannan tsakaninka da likitanka ne.

Baba_Gangare: 'Ya'yana, ina karanta ku. Mu da muka tashi a garin nan lokacin kuza, tuwon dawa da miyar kuka muka ci, da gwate, da fura. Daga Gangare mutum zai taka har Bukuru a ƙafa. Mai teɓa a unguwa ɗaya ne ko biyu, kuma ana ganin alamar wadata ce. Yanzu shinkafa fara da taliyar leda da lemo, yaro ba ya zuwa masallaci sai a keke. Sai a ce a je Indiya a yanke tumbin da Allah ya halitta. Ni abin yana damuna.

Maman_Hanif: Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi ba da wasa na yarda aka yanka ni ba. Na yi acca ta wata shida, na yi tafiyar asuba har gwiwa ta kumbura, in rage takwas in ƙara goma. Sai da suga ya fara taɓa min ido.

Baba_Gangare: Allah sarki. Ban san ya kai haka ba 'yata. Ki yafe ni. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Malamin_Lab: Maganar Baba tana da tushe ta ɓangaren abinci. A 2010 an kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso masu cin gero da dawa da wake da yaran Fulorans ta Italiya. Na ƙauyen suna cike da Prevotella, masu narkar da dusa, kuma bakteriyarsu ta fi yawan iri. A nan gida ma Funmilola Ayeni, tana Jami'ar Ibadan a lokacin, ta fitar da bincike a 2018 da ya kwatanta Bassawa manoma na karkara da mazauna birane, aka ga bambanci. Abin da ke ci min rai shi ne kusan duk binciken tiyatar nan a kan Turawa da Amurkawa da mutanen Sin aka yi. Hanjin da ya tashi da kuka da daddawa ba lallai ya amsa kamar na mutumin Faris ta Faransa ba.

Tunda na ambaci Faris: a can ƙungiyar Karine Clément ta duba mutum 61 masu matsananciyar ƙiba, ta samu kashi 75 cikin ɗari bakteriyarsu ta yi ƙarancin iri. Bayan aiki ta ɗan ƙaru, amma mafi yawansu ba ta kai ta mai lafiya ba, duk da sun rame kuma sugansu ya gyaru. To kun ga aikin yana canza su, amma ba ya mayar da su yadda suke a da. Kuma ga mutane sun samu sauƙi ba tare da ƙwayoyin sun gama gyaruwa ba.

Hajiya_Anguwan_Rogo: Ni abin da ke ba ni takaici, a gefe guda ana yanka wasu don su rame, a gefe guda 'yan matanmu suna shan sha ka fashe don a ce sun yi ƙiba kafin biki. 'Yar maƙwabciyata fuska ta kumbura kamar an hura, ga suga tana shekara 22. Mu iyaye mata da bakinmu muke cewa yarinya ta bushe, miji ba zai so ta ba.

Kemis_Bukuru: Hajiya, galibi deksametason ne a ciki, kuma yana jawo suga da hawan jini. Kullum sai na kori masu nemansa.

Sista_Rahila: Ku yi haƙuri in dawo da mu kan Maman Hanif, don an bar ta da kumburinta ana ta ɓeraye. 'Yar'uwa, zan yi miki tambayoyi, ba sai kin amsa a nan ba. Bayan gidanki yana da maiƙo, yana yawo a kan ruwa, yana wuyar wankewa? Kina amai akai-akai? Kina jin ƙafa tana dindiris ko kamar ana tsira miki allura? Kina shan bitamin ɗinki kullum?

Dalilin tambayar, bayan baifas bakteriya kan yi yawa a ƙaramin hanji inda bai kamata su taru ba, musamman a reshen da abinci ba ya bi. Alamunsa su ne abin da kika lissafa, kumburi da iska da zawo. Ana gano shi da gwajin numfashi inda akwai, ana kuma maganinsa, amma likita ne zai zaɓi maganin. Kada ki je ki sayi Flagyl ki yi ta sha yadda muka saba. Kuma waɗannan ƙwayoyin suna cinye bitamin B12, wanda dama aikin ya rage miki shigarsa. Farkon hanjin da aka tsallake nan ne ƙarfen jini da kalsiyam suka fi shiga jiki. Bitamin ɗin nan har ƙarshen rayuwa ne, ba na wata shida ba. In kuwa amai ya yi yawa, a ranar za ki asibiti, don ƙarancin bitamin B1 yana taɓa ƙwaƙwalwa cikin makonni. Na taɓa jinyar wata da aka yi wa aiki a waje aka sallame ta da takarda ɗaya, ba wanda ya gaya mata wannan, sai ɗauko ta aka yi ba ta iya tsayuwa. Abin bai bar raina ba har yau.

Likita_Rayfield: Sista ta gama magana. In ƙara: ki guji diklofenak da ibufurofen, suna jawo gyambo a wurin ɗinkin. In ciwo ya tsaya miki a dama ƙarƙashin haƙarƙari, a duba matsarmama, saurin rama yana sa ta yi tsakuwa. A yi miki gwajin jini na B12 da ƙarfe da bitamin D. Ba sai kin koma Indiya ba, likitocin ciki da masana abinci na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo za su iya bin ki, ki tafi da takardar aikin.

Mai_Kabeji_FarinGada: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma in dusa da ganye ƙwayoyin ke so, ai Jos muke. Kabeji, karas, koren wake, latas, ga zogale ga rama. Hajiya ta riƙa yin gwaten acca da ganye, ta sha nono. Kakata da nono ta rayu har ta haura casa'in.

Sista_Rahila: Malam mai kabeji, a hankali dai. Mai tumbi kamar ƙwai, abin gina jiki take fara ci, ƙwai da kifi da kaza da awara, aƙalla giram 60 na furotin a rana, sannan ganye dafaffe ya biyo. Ɗanyen kabeji da wake da yawa yanzu ƙara mata iska za su yi. Ta shigo da su kaɗan-kaɗan. Kindirmo yana da kyau in an tafasa madarar kafin a ɗaura, kuma ba sukari. Madarar da ba a dafa ba tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale, ku tambayi likitocin dabbobi na Vom. Fura mai sukari kuwa za ta iya sa mata jiri da zufa da bugun zuciya, don zaƙin yana zubowa hanji gaba ɗaya.

Abu_Sadiq: Wannan jirin ko ni mai silib na taɓa ji da kunun zaƙi. Hajiya, kin yi maganar azumi da likitanki? Ni na farko an hana ni, saboda ba na iya shan ruwa da yawa lokaci guda, na rama daga baya. Ki tambaya tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙanwar_Maman_Hanif: Salamu alaikum. Ni ce ake magana a kaina, Yaya ce ta sa ni a zauren. Na karanta duka. Gaskiya tsoro nake ji, na ga yadda ta sha wuya watan farko, kuma ina son ƙarin haihuwa, ɗana ɗaya. Garin na sha kwana tara, ban ga komai ba sai zawo. Na daina. Amma Likita, in ban yi aikin ba shi ke nan ba ni da wata hanya?

Likita_Rayfield: Akwai, ƙanwata. Ba kilo kaɗai ake dubawa ba, ana haɗa shi da tsawo a fitar da ma'aunin ƙiba da ake kira BMI. Tsohuwar ƙa'idar 1991 ita ce 40, ko 35 in akwai ciwo kamar suga. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da ita zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon da ƙiba ke jawowa. Cancanta ba dole ba ce. Akwai tsarin abinci tare da masani, akwai alluran da na ambata, duk da tsadarsu da yawan jabu, kuma ba a yin su in ana neman ciki. In aikin kika zaɓa, ana son a jira wata 12 zuwa 18 kafin ɗaukar ciki. Ki fara da ganin likita a gyara hawan jinin, a auna suga.

Ɗan_Dilimi: Ni har yanzu ina kan bakana, ƙanƙantar tumbin ce babba. Malam da kansa ya ce mutanen Faris sun warke ƙwayoyin ba su gyaru ba.

Malamin_Lab: Ban ce ba su canza ba, cewa na yi yawan irinsu bai cika ba. Wataƙila ba yawan iri ne abin dubawa ba, aikin da suke yi ne. Kuma in girman tumbi ne kaɗai, me ya sa zoben da ake ɗaure tumbi da shi, wanda shi ma yana rage ci, bai kai baifas saukar da suga ba? Ɓerayen Boston da aka sa wa bakteriyar fa ba wanda ya rage musu tumbi.

Ɗan_Dilimi: Ɓeraye dai. A kawo min mutane.

Maman_Hanif: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Sista, amsar tambayarki ta farko e ce, kuma bitamin ɗin da na zo da su sun ƙare tun wata biyu, na ɗauka an gama. Ƙafa ba ta dindiris, amai sai jefi-jefi. Abban Hanif ya ce Litinin da safe zai kai ni Lamingo, mu tafi tare da ƙanwata. Ledar garin tana hannuna.

Sista_Rahila: Kada ki jira Litinin kan bitamin, Kemis ya gaya miki wanda za ki fara yau. Ki rubuta duk abin da kika ci daga yanzu zuwa ranar, da lokacin da kumburin ke tasowa, ki nuna musu.

Kemis_Bukuru: Ki turo min hoton kwalbar da ta ƙare in ga abin da ke ciki.

Ummu_Sumayya: Maman Hanif, in kin dawo don Allah ki faɗa mana ko ana gwajin numfashin a nan Jos. Kuma Alhaji Abu Sadiq, ƙwannafin nan tun kafin aikin kake da shi ko bayansa ya zo? Yayata silib aka ce mata, kuma dama tana fama da shi.